MAKARANTUN KUNGFU NA GARGAJIYA: INDA AKE GINA JIKI DA ZUMUNCI A ƊAKI ƊAYA

Duk wanda ya taɓa shiga gidan silima a Kano cikin shekarun 1970 da 1980, ko Plaza ne, ko Orion, ko El Dorado, ba zai manta da daren fim ɗin Canis ba. Jarumi ɗaya tilo zai tsaya a tsakar fili, ƙarti ashirin su kewaye shi, kafin mai gyaɗa ya gama ba da canji ya riga ya watsar da su duka. Da an tashi sai ka ga yara a bakin titi suna ta tsalle suna kai wa iska shuri, kowa yana cewa shi ne Burusli, watau Bruce Lee. Ta nan ne akasarin mutanen ƙasar nan suka fara jin kalmar kungfu, kuma har yau da an ambace ta, faɗa ne yake fara zuwa a rai.

To, amma a can inda abin ya samo asali labarin ya sha bamban. Mutumin da zai hau matakalar wani tsohon bene a unguwar Mong Kok ko Sham Shui Po a birnin Hong Kong da misalin ƙarfe takwas na dare, ya leƙa makarantar kungfu ta gargajiya, yana iya zama har a tashi bai ga an doki kowa ba. Abin da zai gani shi ne akawun da ya taso daga ofis, da direban bas, da ɗalibar sakandare, da dattijo mai furfura, sun jeru, sun buɗe ƙafafu sun rage tsawo, gumi yana zuba, babu mai cewa uffan. Idan an gama su share ɗakin, su sha shayi, sau da yawa kuma su wuce gidan abinci tare. Irin waɗannan makarantu suna raguwa shekara bayan shekara, kuma abin da masu kishinsu suke tsoron a rasa ya fi dabarun naushi da shuri nesa ba kusa ba.

MA'ANAR KALMAR

A harshen Sinanci, kalmar kungfu ba ta nufin faɗa. Ma'anarta ita ce gwaninta wadda mutum ya samu ta hanyar doguwar wahala da ɗaukar lokaci. Saboda haka kuku wanda ya shekara talatin a gaban murhu ana cewa yana da kungfu, haka ma mai rubutu da alƙalamin gashi, haka ma mai haɗa shayi. Sunan da suke kiran dabarun faɗa da shi a hukumance shi ne wushu. Duk wanda ya gane wannan ya gane rabin abin da ake yi a makarantar gargajiya, domin a can abin da ake aunawa shi ne yawan shekarun da mutum ya yi yana zuwa, da kuma yadda zuwan ya canza shi.

Salon kungfu ɗaruruwa ne, kowane da garinsa da silsilar malamansa. Su kansu Sinawa sukan raba su gida biyu, su ce mutanen kudu gwanayen hannu ne, mutanen arewa kuwa gwanayen ƙafa. Daga cikin salon kudu waɗanda suka yi suna akwai Hung Gar, da Wing Chun, da Choy Li Fut, dukansu daga lardin Guangdong, wanda yake maƙwabtaka da Hong Kong.

YADDA FAƊA YA KOMA NEMAN LAFIYA

A zamanin da, waɗannan dabaru kayan aiki ne na sojoji, da masu rakiyar fatake, da 'yan gadin ƙauyuka, kuma kowane malami yana ɓoye nasa, ba ya koya wa kowa sai ɗansa ko wanda ya amince da shi ƙwarai. Da bindiga ta yawaita a ƙarshen ƙarni na 19, sai amfaninsu a fagen yaƙi ya ragu. A daidai wannan lokaci kuwa ƙasar Sin tana cikin wulaƙanci: Turawa da Japanawa sun ci ta da yaƙi, shan ofiyom ya nakasa mutane da yawa, har baƙi suna yi mata laƙabi da majinyacin Gabashin Asiya.

Cikin wannan hali ne aka kafa ƙungiyar motsa jiki ta Chin Woo a birnin Shanghai a shekarar 1910, da sunan wani shahararren gwani mai suna Huo Yuanjia. Shi Huo bai daɗe ba ya rasu a cikin wannan shekara, amma abokansa da almajiransa suka riƙe ƙungiyar. Sabon abin da suka kawo shi ne buɗe ƙofa. Suka tara malaman salo dabam-dabam a ƙarƙashin rufi ɗaya, suka tsara manhaja, suka buga littattafai, suka karɓi ma'aikata da ɗalibai, har da mata. Manufarsu ita ce tarbiyya iri uku, ta jiki da ta hankali da ta ɗabi'a, don haka ban da kungfu ana koyar da kiɗa da karatu da wasannin ƙwallo. Daga 1920 ƙungiyar ta aika da wakilai zuwa ƙasashen Kudu Maso Gabashin Asiya, rassa suka buɗe a Singafo da Malesiya, wasunsu suna aiki har yau. Fim ɗin nan na Bruce Lee mai suna Fist of Fury, wanda ya fito a 1972, a kan wannan makaranta aka gina labarinsa, sai dai ramuwar gayya fim ɗin ya nuna, bai nuna azuzuwan ba.

Akwai wani abu a manhajar Chin Woo da zai ba masu karatu sha'awa. Darasin farko da kowane sabon shiga yake koya shi ne Tantui, watau jerin shuri da naushi da ake yi a miƙe layi-layi, kuma wannan salo ya daɗe yana da alaƙa da Musulmin ƙasar Sin, 'yan ƙabilar Hui, waɗanda suke da nasu mai layi goma. A garuruwan Hui, musamman yankin Cangzhou na lardin Hebei, an saba horar da samari a harabar masallatai. Daga can ne Wang Ziping ya fito, Musulmi wanda aka haifa a 1881 ya rasu a 1973. Ya yi suna wajen ƙarfi da kokawa, ya koyar a babbar cibiyar wushu da gwamnati ta kafa a Nanjing a 1928, daga baya ya zauna a Shanghai yana aikin ɗori, ya kuma tsara wa jama'a jerin motsi 20 domin kiyaye lafiya.

MAKARANTU A SAMAN BENE

Abin da ya mai da Hong Kong cibiyar salon kudu shi ne gudun hijira. A 1945, lokacin da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen birnin ba su wuce 600,000 ba. Kafin 1951 sun haura miliyan 2, saboda jama'ar da suka kwararo daga babban yankin Sin a lokacin yaƙin basasa da kuma bayan Kwaminisanci ya karɓi mulki a 1949. Mutane suka cunkushe a bukkokin katako da kwano a gefen duwatsu. Gobarar Shek Kip Mei kaɗai, a daren Kirsimeti na 1953, ta raba mutum fiye da 50,000 da matsuguninsu.

A cikin waɗannan baƙi akwai malaman kungfu da yawa, waɗanda suka iso ba su da komai sai abin da ke jikinsu. Ip Man, mutumin Foshan, ɗan gidan masu hali ne a da, amma a 1950 ya fara koyar da Wing Chun a ofishin ƙungiyar ma'aikatan gidajen abinci, almajiransa na farko kuku ne da masu kai abinci tebur. A wurinsa ne Bruce Lee ya yi karatu yana saurayi. Wasu malaman kuwa da ba su sami ɗaki ba sai suka hau saman benaye, inda haya take da araha kuma akwai iska, suka kafa tuta, suka rataye makamai a bango. Haka makarantun saman bene suka yawaita a shekarun 1950 da 1960.

Sai mai karatu ya dubi halin saurayin da ya bar ƙauyensu, ya bar iyayensa a bayan iyakar da aka rufe, yana aiki a masaƙa tun safe har dare, yana kwana a kan gado mai hawa uku tare da baƙi. A wurin irin wannan saurayi, makarantar saman bene ita ce inda aka san sunansa. A nan yake jin labarin inda ake ɗaukar ma'aikata, a nan yake samun rance, a nan ake yi masa magani in ya ji ciwo. Ba abin mamaki ba ne da makarantar ta ɗauki siffar gida.

MALAMI UBA NE

Wannan siffa tana nan a cikin sunayen da ake kiran juna da su. A harshen Kanton, wanda ake yi a Hong Kong da Guangdong, ana kiran malami Sifu, kalmar da ta haɗa ma'anar malami da ta uba. Matarsa ita ce Simo, watau uwa. Malamin malami shi ne Sigung, kaka ke nan. Wanda ya riga ka shiga makarantar shi ne Sihing, yayanka, in mace ce Sije. Wanda ya zo bayanka Sidai ne, ƙanenka, ko Simui, ƙanwarka. Girma a nan ba da shekarun haihuwa ko muƙami ake samunsa ba, da ranar shiga ne. Saboda haka babban darakta mai shekara hamsin, in jiya ya shigo, dole ya kira yaro ɗan shekara sha biyar yaya, ya kuma karɓi gyara daga gare shi.

Ɗalibai iri biyu ne. Akwai na gama-gari, masu biyan kuɗin wata su zo su tafi. Akwai kuma almajiran cikin gida, waɗanda malami ya zaɓa bayan ya shekara da shekaru yana lura da halinsu. Ana karɓar almajiri ne da wani biki da ake kira baisi: ya durƙusa a gaban malami, ya miƙa masa ƙoƙon shayi da hannu biyu, tare da jar ambulan mai ɗan kuɗi a ciki. In malami ya kurɓi shayin, to, ya karɓe shi ɗa. Daga ranar nan nauyi ya hau kan kowannensu. Malami zai ba shi duk abin da ya sani, ya tsaya masa a aure da neman aiki. Shi kuma almajiri zai kiyaye sunan gidan, ya kula da malami in ya tsufa, ya tsaya a jana'izarsa cikin sahun 'ya'ya.

A bangon da ke fuskantar ƙofa akwai hotunan malaman da suka shuɗe, tare da siffar Guan Yu, wani sarkin yaƙi da ya rasu a shekara ta 220 wanda Sinawa suke ɗauka alamar riƙon amana, kuma bisa al'adarsu akan kunna turare a wurin. Ana buƙatar ɗalibi ya iya jero silsilar malamansa. Alal misali, ɗalibin Hung Gar na gidan Lam zai ce ilminsa ya fito daga Lam Cho, wanda ya karɓa daga baffansa Lam Sai-wing, wanda ya karɓa daga Wong Fei-hung. Shi Lam Sai-wing asalinsa mahauci ne, abin da zai tuna wa Bahaushe daɗaɗɗiyar dangantakar mahauta da dambe.

YADDA AKE HORO

Sabon ɗalibin da ya zo da zumuɗin silima, daren farko yakan sanyaya masa jiki. Za a tsayar da shi a gefe, a ce ya buɗe ƙafafu fiye da faɗin kafaɗunsa, ya lanƙwasa gwiwoyi kamar wanda ke kan sirdi, ya miƙe baya, ya dunƙule hannu a ƙugu. Wannan ita ce tsayuwar doki. Kafin minti ɗaya cinyoyinsa sun fara rawa, kafin minti biyu ya miƙe. Tsofaffin malamai da tsinken turare suke auna ta, ba a tashi sai ya cinye, kuma a da ɗalibi yakan yi watanni ba a koya masa komai ba sai ita. Dalili biyu ne. Na farko, duk ƙarfin naushi daga ƙasa yake tasowa, ya bi ta ƙafa da ƙugu kafin ya isa hannu, wanda ƙafarsa ba ta kafu ba kuwa turi ɗaya ya ishe shi. Na biyu, tsayuwar rariya ce: mai gaggawa da mai neman rigima sukan gudu da kansu tun kafin a ba su abin da za su cuci wani da shi.

Bayan tsayuwa sai taku, bayan taku sai jerin motsi. Jerin motsi shi ne littafin salon, domin akasarin mutanen da suka riƙe wannan ilmi a da ba su yi karatu ba, sai suka adana dabarunsu a cikin motsi da ake haddacewa ɗaya bayan ɗaya. A Hung Gar ginshiƙan su ne jerin Horon Damisa, wanda yake gina ƙafa da numfashi, da jerin Damisa da Gauraka, wanda ya haɗa ƙarfi da sauri, da kuma jerin Zaren Ƙarfe, wanda ake yi a hankali ana ɗaure jijiyoyi ana sakewa tare da fitar da sauti, kuma ba a ba ɗalibi shi sai ya yi nisa. Wing Chun kuwa jeri uku ne na hannu, sai aiki da mutum-mutumin katako mai hannu uku da ƙafa ɗaya. Malami yakan ba da motsi uku ko huɗu a dare, ba zai ƙara ba sai waɗannan sun zauna.

Sauran aikin na mutum biyu ne. Ɗalibai su fuskanci juna su riƙa haɗa damatsa ana bugawa sama da ƙasa domin ƙashi da fata su saba. 'Yan Wing Chun suna da wani atisaye da suke kira manna hannu, inda mutum biyu za su haɗa hannuwa suna juyawa, kowa yana ƙoƙarin gane niyyar ɗan'uwansa ta hanyar taɓawa kawai. A nan ne zumunci yake shiga cikin horon kansa. Ba ka iya koyo sai wani ya ara maka jikinsa, kuma in ka ji masa ciwo gobe ba ka da abokin aiki. Bugu da ƙari, yawancin koyarwar yau da kullum yayye ne suke yi wa ƙanne, malami yana zaune yana kallo, sai can ya taso ya gyara gwiwar hannun wani da ɗan yatsa. Makamai, irin su doguwar sanda da takobi da mashi, har da bencin zama, sai daga baya suke zuwa.

MALAMI MAI ƊORI

A al'adar kudu, malamin da ya iya karya ƙashi bai iya ɗora shi ba, ilminsa rabi ne. Sana'ar ɗori, wadda suke kira ditda, tare take tafiya da kungfu. Malami yana duba targaɗe da gocewar ƙashi da karaya, yana kuma haɗa maganin shafawa daga saiwoyi da ganyaye da ake jiƙawa watanni a cikin tulu, kowane gida da sirrin haɗinsa. Da wannan magani ɗalibai suke murza damatsansu bayan atisaye.

Wong Fei-hung, wanda aka haifa a 1847, a wurin mutanen zamaninsa mai magani ne, yana da shago mai suna Po Chi Lam a birnin Guangzhou. Silima ce ta mai da shi jarumi daga baya, har ɗan wasa Kwan Tak-hing ya fito a matsayinsa a fina-finai fiye da 70 daga 1949. Lam Cho ma da ɗori ya ci abinci, yana duba majinyata da rana, yana koyarwa da dare, kuma ya rasu a 2012 yana da shekara fiye da ɗari. Wani tsohon gini a unguwar Wan Chai da ake kira Shuɗin Gida, wanda ya taɓa zama makarantarsa sa'an nan ya zama shagon ɗorin iyalinsa, an gyara shi har ya sami lambar yabo ta UNESCO a 2017. Ta hanyar wannan sana'a ne makaranta take zama ta unguwa duka, domin lebura da ya faɗo daga kan tsani da tsohuwar da ta zame a kasuwa ƙofar nan suke ƙwanƙwasawa.

RAWAR ZAKI

Hanya ta biyu da makaranta take fita cikin jama'a ita ce rawar zaki. Lokacin Sabuwar Shekarar Sinawa, ko ranar buɗe sabon kanti, ko bikin Tin Hau wadda masunta suke girmamawa, ɗalibai su fito da kan zaki da aka yi da gora da takarda, mutum ɗaya yana riƙe da kai, ɗaya yana sunkuye a wutsiya, wasu suna bin su da ganga da kuge da farantan tagulla. Mai kanti zai rataye ganyen latas da jar ambulan a saman ƙofa, zaki ya yi dabara ya hau ya tsinko, ya watsa ganyen alamar arziki, ambulan kuwa ta tafi asusun makaranta. Masana suna kallon ƙafafun masu rawar su gane ko tsayuwar dokinsu ta nuna, don haka ranar rawa ita ce ranar jarrabawar makaranta a gaban unguwa.

Gaskiya kuwa ba kullum abin yake ƙarewa lafiya ba. A shekarun baya zakunan makarantu biyu sukan haɗu a titi ɗaya a ɓarke da faɗa, wasu makarantun kuma 'yan daba suka shige su suna karɓar kuɗi a hannun 'yan kasuwa da sunan rawa. Abin ya kai ga a 1981 gwamnatin Hong Kong ta kafa doka cewa ba a fita rawar zaki a bainar jama'a sai da izinin 'yan sanda. Iyaye da yawa suka hana 'ya'yansu zuwa, kuma makarantun kirki sun daɗe suna wanke wannan tabo.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kowane baligi ya yi aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu. Ƙididdigarta ta nuna cewa a 2022 kimanin kashi 31 cikin ɗari na manyan mutanen duniya ba sa cika wannan ƙa'ida. Ɗalibin da yake zuwa makaranta dare uku a mako ya cika ta har da rara.

A 2023 wata mujallar likitancin wasanni ta Ingila ta buga nazarin gwaje-gwaje 270 da suka ƙunshi mutum kusan 16,000, aka ga cewa motsa jiki irin na ɗaure tsoka a tsaya cik, musamman rage tsawo a jingine da bango, yana kan gaba wajen saukar da hawan jini. Nazarin ba a kan kungfu aka yi shi ba, amma tsayuwar doki tana cikin wannan rukuni. Haka kuma a 2012 mujallar likitanci ta New England a Amurka ta buga sakamakon gwajin da aka yi wa mutum 195 masu ciwon karkarwa na Parkinson, inda waɗanda suka yi mako 24 suna koyon taici, wani salon wushu mai tafiya a hankali, suka fi sauran daidaiton tsayuwa, faɗuwarsu kuma ta ragu in an gwada da masu miƙa jiki kawai. Duk da haka, mai hawan jini ko ciwon gwiwa ya kamata ya ga likita kafin ya fara, kada kuma ya riƙe numfashi a lokacin tsayuwa.

Sai dai babbar matsalar motsa jiki ba rashin sanin amfaninsa ba ce, ɗorewa ce. Mutane da yawa sukan fara gudu ko ɗaga ƙarfe da ɗoki, bayan wata biyu su daina, ba wanda zai tambaye su dalili. A makarantar gargajiya kuwa, wanda ya yi fashin mako guda yayansa zai neme shi, ƙanen da yake koya wa darasi yana jiransa, wutsiyar zaki kuma babu mai shiga. Zumuncin shi ne yake riƙe mutum a kan horon har ya kai shekara ashirin ko talatin, horon kuma shi ne yake ba zumuncin dalilin haɗuwa.

HALIN DA AKE CIKI

Yau waɗannan makarantu suna cikin matsi. An rushe tsofaffin benaye da yawa, kuɗin haya a Hong Kong yana cikin mafi tsada a duniya, har wasu malamai sun koma koyarwa a lambunan shaƙatawa da zaurukan unguwa. Yara sun shagala da darussan bayan makaranta da waya, samarin da suke son faɗa kuwa sun fi karkata ga damben Tailan da dambe mai haɗe da kokawa, inda ake ganin sakamako cikin watanni. A 2017 wani ɗan irin wannan dambe mai suna Xu Xiaodong ya kayar da wani mai kiran kansa malamin taici a birnin Chengdu cikin 'yan daƙiƙoƙi, hoton ya zagaye duniya ta intanet. Wannan ya tona asirin masu cika baki, ya kuma tilasta wa malaman gaskiya su fito su faɗi ainihin abin da suke bayarwa.

Ta wani ɓangaren kuma martabar abin tana ƙaruwa. A 2020 UNESCO ta sanya taici cikin al'adun gado na duniya, kuma a wannan shekara Kwamitin Olamfik ya amince da wushu cikin wasannin matasa na Dakar, babban birnin Senegal, na 2026. Amma wushun gasa abu ne na tsalle da maki da alƙalai, ba shi da Sifu ba shi da Simo. Tun daga 2012 wata ƙungiya ƙarƙashin jagorancin Hing Chao, tare da Jami'ar Birni ta Hong Kong, ta shiga ɗaukar motsin tsofaffin malamai da na'urori masu auna kowace gaɓa, domin a adana kafin su ƙare. Aiki ne mai kyau, kuma zai tsare jerin motsin. Abin da na'ura ba ta iya ɗauka shi ne yayan da zai zo gida dubiya in ka kwanta ciwo.

Ma'aikacin da yake wuni a kan kujera daga safe har la'asar, da ɗalibin da yake kwana a kan littafi, suna da abin dubawa a cikin wannan labari, ko da ba za su taɓa taka Hong Kong ba. Lafiya uwar jiki ce, amma mutum ɗaya shi kaɗai da wuya ya daɗe yana yi mata hidima. Mutanen saman bene ba su da fili, ba su da kayan aiki, ba su da taimakon gwamnati. Abin da suke da shi shi ne malami mai haƙuri, da lokaci tsayayye, da 'yan'uwan da za su lura in ɗaya bai zo ba. Da wannan kaɗai suka riƙe jikinsu da junansu fiye da shekara saba'in, kuma a 'yan ɗakunan da suka rage, in ƙarfe takwas na dare ya yi, har yanzu ana jeruwa a rage tsawo.